Ranar da Osvaldo Ya Saki Hannun Griselda

Wata huɗu ke nan Griselda ba ta kira sunan mijinta ba. Ba fushi take yi ba, ciwon mantuwa ne ya cinye sunan, yadda ya cinye hanyar kasuwa da ranar haihuwar 'yarsu. Da safe idan Osvaldo ya kawo mata burodi sai ta ce, "Na gode, bawan Allah," cikin ladabi, irin wanda ake yi wa mai kawo wasiƙa. Shekara talatin da takwas da aure, yau shi ne bawan Allah. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

To, da aka manna takardu a bangwayen birnin Rosario cewa ƙungiyar mawaƙan nan, Karnukan Tasha, za su yi wasa ran Lahadi da yamma a filin ƙwallon bakin kogi, sai Osvaldo ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Likita da bakinsa ya ce waƙa takan farkar da abin da magani ya kasa. Wace waƙa kuwa ta kai ta Karnukan Tasha? A wasansu ya fara ganin Griselda, takalminta ɗaya ya ɓace a turmutsutsu, tana tsalle da ƙafa ɗaya tana zagin duniya. Shi lokacin ƙaramin mai walda ne, ya tara gashi har kafaɗa, ya ɗaura jan ƙyalle a wuya, duk don a ce ya yi kama da Dardo Ferreyra, mawaƙin ƙungiyar. Abokai suna masa tsiya, suna kiransa Dardon talakawa. Gashin nan ya daɗe da yin sallama, yanzu kan tal yake kamar bayan ƙwarya.

'Yarsu Silvina ta bugo waya ta hana.

"Baba, ka rufa mana asiri. Mutum dubu ashirin fa! Mama ko a cikin gida ɓacewa take yi."

"Hannunta na cikin nawa, ina za ta?"

"Baba..."

"Sau ɗaya nake so ta dube ni ta ce Osval. Sau ɗaya tak, Silvina. Daga nan na haƙura."

Sun isa da ƙarfe uku, rana na dukan ƙeya. Griselda ta rungume jakar mate, wato shayin ƙasarsu da ake sha a ƙoƙo ɗaya ana zagayawa, da filas da ƙoƙo da ganye a ciki, don wannan jaka kam ba ta yarda kowa ya riƙe mata. Shi kuma ya rataya tasa. A ciki akwai faifan ƙungiyar na farko, wanda ya kusa shekara arba'in yana jiran sa hannun Dardo, da kuma ƙyallen unguwa: tsohon zanen gado ne da Griselda ta yi wa kalmasa da hannunta, aka rubuta TABLADA da baƙin fenti. Ƙyallen nan ya je Córdoba, ya je La Plata, ya sha ruwa ya sha giyar mutane. In ba a ga sunan unguwarku a jikin wayar da ta shinge fili ba, ai ba ku zo ba, ko da kun cika filin.

Iskar kogi ta hana ruwa gudu. Ya gwada ɗaurewa da hannu ɗaya, ƙyallen ya naɗe masa fuska. Ya sake gwadawa da haƙori, ina! Wasu samari 'yan unguwar Echesortu kuwa sun zo da nasu ƙyallen, suna hararar gurbin.

"Baba, in ba za ka iya ba matsa mana, kafin ƙugu ya goce!"

"Ƙugun ubanka," in ji Osvaldo. "Ƙyallen nan ya girme ka." Sai ya juya ga matarsa. "Gajera, tsaya nan, kada ki motsa."

Ya saki hannunta. Ƙulli huɗu kawai ya yi, bai fi minti ɗaya ba. Da ya waiwayo, wata yarinya ce mai koren gashi tsaye a wurin.

Ya kira Griselda, ya kira Gajera, amma wasu yara ne ke buɗe fage a kan dandamali, lasifikoki suka haɗiye muryar tasa. Ya kutsa nan, ya kutsa can, mutane kamar an yi ɓarinsu. Ya kama wani mai gadi ya roƙe shi a yi sanarwa. Mai gadin ya ce sai yaran sun sauka.

"Wane irin kaya ta sa?"

Osvaldo ya dafe kai. Shi ya sa mata rigar da hannunsa, shi ya ɓalla maɓallan, amma ko za a yanka shi bai tuna launinta ba. Mai gadin ya ɗaga kafaɗa ya nuna masa wata rumfa. A rumfar aka rubuta suna aka ce ya jira. Ya jira me? Sai ya tuna kogi. Griselda tana son ruwa, kuma bayan dandamali akwai gangare har bakin gaɓa.

Da gudu ya zagaya, irin gudun ɗan shekara sittin da biyu mai ciwon gwiwa. Ya sami inda wayar ta yage ya ratsa, rigarsa ta kece. Manyan motocin kaya ne jere, babu kowa. Yana haki yana duba ƙarƙashin kowace mota, yana cewa Allah ka taimake ni, ba zan ƙara ba. Can sai ya ji dariya. Ƙafafunsa suka tsaya cak, don ya san dariyar nan, kuma rabon da ya ji ta tun bara.

A bayan mota ta ƙarshe, ƙarƙashin tamfol, dattawa uku ne zaune a kan akwatunan kayan kiɗa. Ga Tulio mai ganga da tumbinsa. Ga Aníbal mai jita, wanda aka ce ba ya magana. Ga kuma Dardo Ferreyra da kansa, gashi har kafaɗa duk da furfura, da jan ƙyallensa a wuya. A tsakiyarsu, a kan kujerar roba ɗaya tilo, Griselda ce cikin shuɗiyar riga, tana zuba ruwan zafi a ƙoƙo.

Shekara arba'in Osvaldo yana shirya abin da zai faɗa wa mutumin nan. Ya maimaita shi a gaban madubi, ya maimaita shi a ƙarƙashin hular walda. Yau ga shi ga Dardo, taku uku tsakani, ko harafi ɗaya bai zo ba.

"Kai ne mai ita?" in ji Tulio. "Madalla! Shigowa ta yi ta tashe ni daga kujera, ta ɗanɗana maten da muke sha ta ce ruwan wankin kwano ne. Wallahi kuwa gaskiyarta. Tun da nake ban sha irin nata ba. Zauna, ɗan'uwa, ka zama kamar wanda aka tsamo daga kogi."

Osvaldo ya zauna a bakin wani akwati. Griselda ba ta ko kalle shi ba. Hannuwan nan da suka manta yadda ake ɗaura takalmi suna aiki tsaf, ganye a gefe guda, ruwa a hankali, ba gaggawa. Sai ta sa hannu a aljihu ta ciro busasshen ɓawon lemo. Shi yake shanya mata shi a taga yana zuba mata a aljihu, don tana son ƙamshin. Da can, tun suna amarci, mutum ɗaya ne a duniya take saka wa ɓawon lemo a mate. Ko Silvina ba ta samu. Ta gutsura, ta tura cikin ganyen, ta zuba ruwa, ta miƙa wa Dardo.

"Ungo, Osval. Ka rame fa. Kuma har yau ka ƙi aske gashin nan."

Ga sunan nan ya fito, garau, da irin jan da take yi masa a ƙarshe. Abin da ya roƙa ke nan, sau ɗaya tak, an kuwa ba shi.

Dardo ya dubi matar, ya dubi mai sanƙon da ke bakin akwati da yagaggiyar riga. Ba wawa ba ne, nan take ya gane. Ya karɓi ƙoƙon da hannu biyu ya zuƙe har ya yi ƙara.

"Gajera," in ji Osvaldo. "Ga ni nan. Ni ne fa."

Ta ja kujerarta ta matsa jikin Dardo, ta rage murya, amma kowa ya ji.

"Osval, dattijon nan tun safe yake bina. Ba shi da mugunta, amma ka yi masa magana."

Tulio ya sunkuyar da kai, tsiyar ta ƙare. Ƙoƙo ya ci gaba da zagayawa, don ba a tsallake wanda ke zaune. Da ya zo kan Osvaldo, ta tsame ɓawon lemon da ɗan yatsa ta yar, sannan ta zuba ruwa.

"Sha, bawan Allah, ka sha rana."

Ya sha. Me zai yi? Wa zai kama da faɗa? Ba wanda ya yi masa laifi a wurin nan, kuma wannan ne ya fi ciwo.

Wata mata mai rediyo a hannu ta leƙo. "Saura minti biyar."

Dardo ya miƙe, Griselda ta miƙe tare da shi, ta ƙanƙame hannunsa. Ya gwada zamewa, idanunta suka kawo ruwa, numfashinta ya fara sama-sama. Osvaldo ya san wannan. In ta fara, sai a yi awa biyu ba a shawo kanta ba. Daga can fili mutum dubu ashirin suna buga ƙafa suna kiran sunan Dardo, shi kuwa ya tsaya kamar yaron da ya fasa tulu.

"Ɗan'uwa," ya ce wa Osvaldo a hankali, "faɗa min yadda zan yi."

Osvaldo ya matso kusa da kunnensa. Wannan ce hirar da ya yi da gwaninsa, ita ke nan duka.

"Ka ce mata Gajera. Ka gyara mata gashin goshi da babban yatsa, haka. Ka ce za ka je aiki ka dawo. In ta ce ka ci abinci, ka ce ka ci, ko ba ka ci ba."

Dardo ya yi yadda aka koya masa.

"Gajera, zan je aiki in dawo. Ki zauna da wannan mutumin, amintacce ne, zai kula min da ke."

"Ka ci abinci?"

"Na ci."

"Ƙarya kake yi," ta ce tana murmushi, ta sake shi. "Kada ka daɗe."

Ta miƙa wa Osvaldo hannu, tun da mijinta ya ce. Aníbal, wanda ba ya magana, ya dafa kafaɗarsa ya wuce. Matar mai rediyo ta kai su gefen dandamali ta ba su kujeru biyu, wurin da Osvaldo zai iya ba da shagonsa kaf don ya samu a shekarun baya. Daga nan yana hango ƙyallen Tablada can a jikin waya, ƙulli huɗun sun riƙe gam. Kusurwar faifan tana sukar haƙarƙarinsa ta cikin jaka, sai lokacin ya tuna da shi.

Waƙa ta uku ita ce Jirgin Ƙarfe Biyar, wadda yake rera mata a ƙofar gidansu har ubanta ya watso masa ruwa. Griselda ta bi ta baiti-baiti, ba ta yar da kalma ɗaya ba. Fuskarta ta washe, ta zama ta yarinyar nan mai takalmi ɗaya. Ta girgiza hannun Osvaldo tana nuna dandamali.

"Ka ga wancan? Mijina ne."

Osvaldo ya dubi inda take nunawa. "Kin yi dace. Yana kula da ke kuwa?"

Ta dube shi kamar ya yi tambayar banza.

"Osval? Haba, bawan Allah. Tun da muke bai taɓa sakin hannuna ba."