Albarkar da Ta Tsallaka Katanga

Tun da aka gina gada tsakanin Gaya da Dahome, kwale-kwalen Baba Bubakar ya daina ƙetarar da mutane, shi ma sai aka jingine shi tare da jirgin. Ɗansa Sule, direban kamiyo, babbar motar kaya, ya yi sabon ɗaki mai rufin kwano, ya mayar da uban nasa wata bukka a bayan gidan, kusa da turken awaki. Idanun tsohon sun mutu. In matar Sule ta tuna, a kai masa tuwo. In ta manta, shi ke nan.

Wannan bai taɓa hana Sule barci ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne Isufu, telan da ke maƙwabtaka da su. Kullum da hantsi Isufu zai shigo da ƙwaryar koko, ya jiƙa ƙafafun tsohon a ruwan ɗumi, ya shafe fason da man kaɗe. Tsohon kuma sai ya ɗaga murya har a ji a zaure: "Allah shi yi ma albarka, ɗana."

Ɗana! Sule ya ji kamar an watsa masa barkono. Shi da aka haifa a gidan, rabonsa da jin kalmar nan tun yana yaron mota. Ga wani bare yana kwashe albarkar ubansa da ɗan man kaɗe. Kishi ya ci shi, ya tare Isufu a ƙofa.

"Gidan ga da masu shi. Kak ka ƙara shigowa, mu ma muna da hannu."

Isufu ya juya da ƙwaryarsa. Sule kuwa, mai hannu, washegari ya loda gyaɗa ya yi kudu, bai dawo ba sai da aka yanke gero.

Da ya leƙa bukkar, wari ne ya fara tarbarsa. Tsohon ya rame, dugadugansa sun tsage har da jini, ƙudaje na bi. Sule ya ɗora ruwa da kansa, ya ɗebo man kaɗen matarsa, ya durƙusa. A ransa yana cewa yau dai albarkar tasa ce, ba mai raba shi da ita.

Tsohon ya ji ɗumin ruwa, ya lalubo kan da ke gabansa, ya dafa.

"Isufu, ka komo? Allah shi yi ma albarka, ɗana." Sai ya yi ƙasa da murya. "Yi maza ka gama, kada Sule shi iske ka."

Sule ya ci gaba da shafa man. Hannun ubansa na kansa, kuma ya san in ya faɗi sunansa za a janye shi. Ya sunkuyar da kai, ya jawo ɗaya ƙafar.