Amanar Mai Lofe

Ni ce Kubura mai tuwo-tuwo a bakin tashar Fagge. Duk wanda ya san ni ya san ba na ƙarya, kuma ba na iya yin shiru. To ku saurara ku ji abin da wata mota ta yi wa ƙanena Hambali.

Gidanmu tsohon gidan fatoma ne, wato mai saukar da baƙi. Tun zamanin ayari, baƙo in ya iso Fagge da raƙumansa, a zaurenmu yake sauke kaya. Kuma akwai ƙa'idar da muka taso muka tarar: duk abin da baƙo ya damƙa wa maigida a zauren nan a gaban shaida, ya zama amana. Ba a sayarwa, ba a ba da aro, kuma maigida ba ya kwana a wani gari ya bar ta, har sai mai ita ya dawo ya karɓa hannu da hannu. Ƙa'idar ba ta taɓa takura wa Baba ba, don shi ko Wudil bai taɓa zuwa ba har ya koma ga Allah. Amma Hambali da ya gaji zauren direba ne. Babbar motar Alhaji Maje yake ja, yau yana Nguru, gobe yana Damagaram, har ya tsinci ɗan Faransancinsa a can.

Wata rana da hantsi sai ga wata mota an jawo ta da igiya daga hanyar Daura. Ikon Allah! Mota ce, amma ɗaki ce. Akwai gado a ciki, da risho, da kabad, da 'yar taga mai labule. Mai ita wani Bafaranshe ne dogo, lofen taba ba ya barin bakinsa, shi ya sa muka sa masa Mai Lofe. Wai Hamada ya keto da ita, tana gab da shiga Kano wani ƙarfe ya karye a cikin giya. Da aka rasa mai jin yarensa a tasha, sai aka ce a kira Hambali. Shi kuwa, da jinin fatoma, ya sa aka tura motar har ƙofar zaurenmu.

Aka ɗauko Uchenna, wani bakanike Ibo daga Sabon Gari, abokin Hambali ne tun suna yaran mota. Ya shiga ƙarƙashi, ya fito baƙi ƙirin, ya ce ƙarfen nan ko a Ikko ba za a samu ba, sai ƙasar da aka ƙera motar.

Mai Lofe ya yi 'yan makonni tare da mu, yana cin tuwona da cokali. Kullum bayan la'asar su zauna da Hambali a bakin motar, yana ta zuba, Hambali yana fassara mana. Wai in an gyara ta, komawa gida zai yi da ita, ya bi gaɓar tekun yammacin ƙasarsu daga kudu har arewa. A fara daga Bordo, a bi ta Laroshel, a wuce Nant, har wata ƙasa mai duwatsu wai ita Biretan. Inda dare ya yi a tsaya a dafa kifi a kwanta, gari ya waye a ƙara gaba. Wai a can ruwa yana janyewa har ka yi tafiya a inda jiragen ruwa suke, anjima ya dawo. Wai gishiri ma a fadama ake kwasarsa. Na ce wannan Bature ya iya ƙarya. Hambali bai yi dariya ba, don Mai Lofe ya ce masa shi zai ja motar.

Ranar da Mai Lofe zai hau jirgin sama, ina tsakar gida ina tankaɗe, na ji sun shiga zaure. Baffa Almu, ƙanen mahaifinmu, yana zaune a ciki yana jan carbi. Na leƙo, sai na ga Bature ya zaro mukullin motar yana miƙa wa Hambali.

Na ce, "Kai, Hambali! Fito da shi waje ka karɓa!"

Ina! Ya riga ya tara hannu biyu. Mai Lofe ya dafa kafaɗarsa, ya ce bayan damina zai dawo da ƙarfen. Baffa Almu ya ɗaga kai ya ce, "Na shaida."

Na koma ciki, na yi jifa da rariya.

Alhaji Maje ya aiko a ɗauki gyaɗa zuwa Nguru, Hambali ya ce ba zai iya kwana a waje ba. Alhaji ya yi haƙuri har kaka ta wuce, sannan ya ba wani motar. Amma mutumin kirki ne, ya zo da kansa ya ce, "Hambali, duk ranar da ka sauke nauyin nan, ka zo, sitiyari yana jiranka." Wannan maganar ita na riƙe, ita nake kwana da ita nake tashi.

Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. Tayoyi suka sace, Hambali ya ɗora motar a kan duwatsu. Kullum da safe ya share ta, ya goge gilashi, ya kakkaɓe bargon Bature ya ninke. Ko cokali ɗaya bai yarda a taɓa ba. Na taɓa roƙonsa aron rishon nan ranar da itacena ya jiƙe, ya dube ni kamar na ce ya yi sata a masallaci. Abinci kuwa, daga tukunyata yake ci, sai ɗan abin da yake samu in ya taya Uchenna ɗaure noti. Direban da ake ji da shi a tasha, ya koma mai gadin gwangwani.

Na yi faɗa har na gaji. Na ce, "Jiran gawon shanu kake yi, ɗan nan! Bature ya san wata amana? Shi zauren nan da gindin bishiya duk ɗaya ne a wurinsa."

Ya ce, "Yaya, shi bai sani ba, ni ai na sani."

Na je wurin Baffa Almu na ce ya warware shaidarsa. Ya ce shi ba ya warware abin da idonsa ya gani. Na ce a kira malamai. Malamai suka ce ai shari'a ba ta hana shi tafiya ba, ya bar wa wani amintacce ya kula da ita. Hambali ya ce shari'a daban, ƙa'idar gidan ubansa daban. Yarinyar da aka sa masa rana da ita, iyayenta suka gaji suka mayar da kaya. A tasha suka koma kiransa Na-Bordo, don in ka zauna da shi minti kaɗan sai ya jero maka garuruwan nan kamar mai tilawa. Abin yana ba su dariya, ni kuwa yana ci mini rai.

Shekarar da aka yi rigimar nan tsakanin Fagge da Sabon Gari, mutane suna kwashe iyali suna shiga birni, na ɗaure kayana na ce mu tafi gidan gwaggonmu. Ya ƙi. Ya ɗauki gora ya zauna a bakin motar, wai kada a cinna mata wuta. Na zage shi tas, sannan na kwance kayana na zauna. Ina zan je in bar shi? Ni ma motar ta ɗaure ni ke nan.

Ana nan, maƙwabcinmu na dama ya ja katanga, na hagu ya fitar da shago. Filin ƙofar gida ya zama lungu. Sai ka karkace ta gefen motar kake shiga zaurenmu, in kuwa da tukunya a ka, sai an taya ka. Uchenna ya auna da igiya ya ce ko yau aka gyara motar, ba ta da hanyar fita sai an rushe wani abu.

A damina ta biyar ne, ina tsakar kwashe tuwon rana, Uchenna ya zo a kan keke yana haki.

Ya ce, "Yaya Kubura, na gan shi! Mai Lofe! Yana wani kantin Faransawa a bayan Kasuwar Sabon Gari, wai watansa biyu da zuwa, shi ne sabon manaja."

Wata biyu! Yana garin nan, tsakaninsa da ƙofarmu tafiyar da ba ta kai a sha ruwa ba. Na ajiye mara, na yafa gyale, ko hannu ban wanke ba. Masinja ya tare ni a ƙofar kantin, na ture shi. Ga Mai Lofe a bayan tebur, ya yi ƙiba, gashi ya zube, lofen dai yana nan. Bai gane ni ba. Uchenna ya yi masa bayani da Turanci, sai ya buɗe baki, ya kama kai, ya fashe da dariya.

Uchenna ya ce, "Wai tambaya yake, har yanzu motar tana nan?"

Na ce, "Gaya masa tana nan, da mutumin da ya binne a cikinta. Ya tashi mu je."

Ya biyo mu a 'yar ƙaramar motarsa. Hambali yana goge fitila da tsumma sa'ad da muka iso. Ya miƙe tsaye, tsumman ya faɗi. Na ga fuskarsa ta yi wani haske da rabon da in gani tun yana hanya, har na ji tausayi ya kama ni. Mai Lofe ya rungume shi yana bubbuga bayansa. Hambali ya buɗe masa ƙofa ya ce ya duba kayansa. Bature ya leƙa, ya ga gado a gyare, cokula a jere, har gwangwanin kifin da ya bari yana nan a kabad. Dariyar ta ɗauke. Ya cire lofe daga baki, ya shiga magana a hankali.

Na ce, "Me yake cewa? Fassara mini."

Hambali ya ce, "Wai da ya isa gida ya tarar kuɗin ƙarfen da na jirgi sun fi motar. Sai ya haƙura da ita. Ya ɗauka tuni mun sayar ko mun farfasa."

"To yawon tekun fa?"

"Wai ya yi. Shekarar da ya koma. Ya sayi wata motar a can, shi da matarsa. Daga Bordo har Biretan."

Sai Hambali ya juya ya yi masa wata 'yar gajeriyar tambaya. Bature ya amsa yana ɗaga kafaɗa. Na ce me ka tambaye shi? Ya sunkuya ya ɗauki tsumman da ya faɗi, sannan ya amsa.

"Na ce wa ya ja su. Ya ce shi da kansa. Wai hanyoyin can sumul suke, ba a bukatar direba."

Na so in rufe Baturen nan da duka, Allah ya sani. Amma abin da ya kawo ni daban. Na aika aka taso Baffa Almu, ya zo yana dogara sanda. Muka shiga zaure. Hambali ya ciro mukullin daga wuyansa, ya miƙa da hannu biyu, Mai Lofe ya karɓa. Baffa Almu ya ce, "Na shaida. Amana ta koma hannun mai ita."

Na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Da muka fito waje, Mai Lofe ya rasa yadda zai yi da mukullin, sai ya cusa wa Hambali a aljihu, ya ce kyauta ce, ya yi yadda ya ga dama da ita. Ya shiga motarsa ya tafi, bai ko sha ruwan gidan ba.

Na ce, "Alhamdu lillahi! Uchenna, gobe ka zo da guduma da zarto ku yanka ta gunduwa-gunduwa. Kai kuma Hambali, wanke ƙafa ka tafi gidan Alhaji Maje tun bai fita la'asar ba."

Bai motsa ba. Ya tsaya yana kallon motar.

"Hambali, da kai nake!"

Ya ce, "Ba mai yanka ta, Yaya. Yanzu tawa ce."

"To taka ce, sai me? Ba taya, ba giya, ba hanyar fita! Sitiyari na gaske yana can yana jiranka!"

Ya ce, "Nguru da Damagaram ai na san su."

Ya taka dutse ya hau, ya zauna a mazaunin direba, ya ja ƙofa ya rufe. Na buga gilashi, na kira shi da sunan da Inna take kiransa, na yi zagi, na yi magiya. Uchenna ya ja kekensa ya tafi yana share ido. Baffa Almu ya ce shi nasa ya ƙare, ba sauran abin da zai shaida.

Nan na durƙusa a lungun na yi kukan da ban yi ba duk shekarun nan. Da can ina da wanda nake jira, mutum ɗaya a duniya da zai zo ya kwance mini ƙanena. Ga shi ya zo, ya kwance, ya tafi. Yanzu wa zan jira?

Alhaji Maje ya aiko washegari, ya sake aikowa bayan sati. Daga nan bai ƙara ba.