Koren Benci a Ƙofar Mai Famfo

Kafinta yana ɗora benci na uku a kan amalanke a bakin shagonsa sai ga shugaban jam'iyyarsu na unguwa, yana haki. Ya tambaye shi ina za shi da kayan taro. Kafinta ya ce gidan maƙwabcinsa mai gyaran famfo, wanda ya cika da safe bayan jinyar wata biyu. Masu gaisuwa sun fara taruwa, babu wurin zama.

"Mutumin da ya shekara ashirin yana zaginmu?" in ji shugaba. "Wane alheri gare shi?"

"Ni yake zagi, ranka ya daɗe, ta kan katanga, ina kuma ramawa. Ranar da rufin shagona ya rufta, shi ya jawo ni daga ƙarƙashin katako. Ku kuna wurin taro."

Shugaba ya ce in bencinan nan suka ƙetare titi, to sunan kafinta ya fita daga rajistar jam'iyya. Kafinta ya ce shi ya haɗa su da hannunsa, shi ya shafa musu koren fentin jam'iyya, ba wanda ya ba shi ko ƙusa ɗaya. Ya tura amalankensa.

A ƙofar gidan ya tarar da 'yan jam'iyyar mamacin, kowa da jar hularsa. Ransa ya ɓaci da ganinsu. Tun bara suka juya wa mai famfo baya, don ya yarda a kafa famfon unguwa a tsakiyar layi maimakon ɓangarensu. Maci amana suke ce masa. Duk tsawon jinyar ba wanda ya leƙo. Kafinta ne yake juya shi a gado, yana yi masa aski, suna gardamar zaɓe har muryar mai famfo ta daina fita. Ko a lokacin, in kafinta ya yabi ɗan takararsu, sai mai famfo ya ɗaga yatsa ya girgiza.

Ƙanin mamacin ya tare shi. "Malam, kwashe su. Ba za mu zauna a kan wannan launi ba."

"To ku tsaya," in ji kafinta. Ya ci gaba da saukewa, yana jera su a inuwar katanga.

Hayaniyar ce ta fito da mahaifiyar mamacin, tana dogara sanda. Ta dubi masu jajayen huluna ɗaya bayan ɗaya, ta ce yawancin fuskokin nan rabonta da su tun bara. Sannan ta juya ga kafinta.

"Ɗana, matso mini da wancan. Ƙafafuna sun gaji."

"To, Inna."

Ya goge bencin da hannun rigarsa, ta zauna. Sauran suka yi cirko-cirko a rana, suna kallon ƙasa. Kafinta ya zauna a ɗaya ƙarshen, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Tsakaninsa da tsohuwar akwai wurin mutum ɗaya, ba wanda ya zauna.