Ladabin Sadi

Lambobin sirrin sun shigo wayar Murtala yana tsaye a kan buhunan albasa, yana jiran 'yan dako su gama lodin motar Gusau. Ranar Talata ce, kasuwar Mafara ta cika. Ya goge yatsunsa a jikin riga, ya koma cikin wasan, inda saƙon Sadi ke jiransa.

Wasan yaƙi ne na waya, wanda ake bugawa ƙungiya-ƙungiya ta intanet. Murtala ne shugaban tasu, kuma duk 'yan cikinta mutanen Gidan Goga ne da hare-hare suka tarwatsa. Wani yana noman shinkafa a Bakura, wani yana kabu-kabu a Sakkwato, wasu ma ba wanda ya san lambar da suke riƙe da ita yanzu. Bayan la'asar suke haɗuwa, su yi harbi kaɗan, su yi hira da yawa. Nan ake jin wanda aka yi wa haihuwa da wanda ya rasa uwa. Duk wanda ya riƙe akawun ɗin Murtala ya riƙe ƙofar wannan zaure: yana iya korar kowa, yana iya roƙon kowa da sunansa.

Sadi taubashinsa ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa, kuma mataimakinsa a ƙungiyar. Tun da ya koma gona wajen Faru, inda sai an hau tudu ake samun sabis, ba a ji ɗuriyarsa ba. Shi ya sa da sunansa ya haska da safen nan, Murtala ya yi hamdala a fili.

Saƙon ya ce: "Salamu alaikum Yaya Murtala. Masu wasan za su ba ƙungiyarmu kyautar kayan yaƙi, amma sai shugaba ya tabbatar. Za su turo maka lambobi. Don Allah Yaya ka turo mini da sauri kafin a rufe."

Murtala ya kwafe lambobin. Saura ya danna, sai wani ɗan dako ya kira shi a kan buhun da ya fashe. Da ya dawo ya sake karanta saƙon daga farko, ya tsaya a kan kalmar "Yaya".

Tun suna kiwon awaki Sadi bai taɓa ce masa Yaya ba. Bawa yake kiransa, ko mai kan ƙwarya. Ranar auren Murtala ma, a gaban surukai, tambayar amarya ya yi ko idonta lafiya. Tsakanin taubasai, zagi shi ne gaisuwa.

Ya rubuta: "Kai bawa, wa ya koya maka ladabi?"

Amsa ta zo nan take: "Yi haƙuri Yaya. Lambobin kawai."

Murtala ya sauko daga kan buhunan. A ƙasar nan, idan wayar mutum ta yi magana da bakin da ba nasa ba, ba ɓarayin intanet ake fara tunawa ba, masu garkuwa da mutane ake tunawa. Ya kira lambar Sadi, a kashe. Ya sake kira, a kashe.

Ya wuce rumfar Kefas mai gyaran waya, ya miƙa masa wayar ba tare da gaisuwa ba.

"Alhajin albasa, yau ko sannu babu?" Kefas ya karanta, ya daina murmushi. "Ka tura?"

"Ban tura ba."

"To kada ka tura. Dubi ƙarshen saƙon lambobin, da Turanci an ce kada a ba kowa. Wani ne ke ƙoƙarin shiga akawun ɗinka, mabuɗin ya zo hannunka, yana so ka miƙa masa."

"Ba wannan ya dame ni ba. Ina mai wayar?"

"Ba lallai wayar ce a hannunsu ba. Nemi matarsa."

Bushra, matar Sadi, tana zaune wajen 'yan'uwanta a Maradun. Ta ɗauka, ta fara gaisuwa, ta tambayi gida da kasuwa da gajiya. Murtala ya amsa duka. Kafin ya yi tambayarsa sai wata murya ta kutso daga bayanta.

"Wane ne? Mai kan ƙwarya? Ce masa ubangidansa na cin tuwo."

Murtala ya zauna a kan bencin Kefas.

Bayanin bai yi tsawo ba. Jiya Sadi ya shigo Maradun, wayarsa tana wajen mai caji. Kafin ya kai ta, wani ya yi masa alkawarin kayan yaƙi kyauta, da sunan abokinsu na Bakura. Ya tura lambobi, aka rufe masa ƙofa.

"Kai da kake cewa ka fi kowa wayo?" in ji Murtala.

"Awo, na ji. Wanga karo ka ci. Ka gaya wa mutane kada su kula shi."

Kefas ya taya Murtala canza kalmar sirri, ya ƙara masa mataki na biyu na tabbatarwa. Murtala ya ɗauki murya ya tura wa ƙungiya, don a ji shi ne: daga yau ba mai tura lambobi ga kowa, ko da shi ya tambaya, kuma duk wanda ya zo da buƙata sai an ji muryarsa. Sannan ya buɗe sunan Sadi, mai tarin lambobin yabo da shekaru suka tara, ya cire shi daga ƙungiyar.

Ana kiran la'asar wata buƙatar shiga ta iso. Sabon ɗan wasa ne, ba bindiga, ba takalmi, daga shi sai singileti. Ƙarƙashinsa an rubuta: "Buɗe mini, mai kan ƙwarya, ni ne."

Murtala ya amsa: "Doka ta ce sai an ji murya. Ka yi sallama, ka gaida shugaba."

Ya sa wayar a aljihu, ya nemi buta.