Ranar Da Aka Kai Inna Ganin Teku

Auta ta faɗa tun a mota, ta kuma maimaita da suka sauka: teku za a fara zuwa. Idon Inna, mahaifiyarta, ya daɗe yana dushewa. Da hantsi tana gane mutum daga nesa, amma rana na yin sanyi sai komai ya zame mata hayaƙi, kuma likita ya ce abin gaba yake yi. Tsohuwar ba ta taɓa roƙon komai ba sai wannan, a kai ta ta ga teku tun idon yana aiki.

"An gama," in ji mijin Auta. "Mu ratsa ta tsohon gari, ya fi kusa."

Auta ta yarda. Nan ta yi kuskure, ta manta wa take aure. Ina aka taɓa shiga da magini garin da aka gina da dutse tun kaka da kakanni, a ce masa ya wuce kawai? Ko ƙofar ganuwa ba su gama shiga ba ya ja birki. Ya ɗora tafin hannu a bango kamar mai duba zazzaɓin yaro, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya sa farce ya kankaro ƙasar da ke tsakanin duwatsu, har da shinshinawa.

"Ko ɗigon siminti babu! Auta, zo ki gani."

"Na gani daga nan. Mu je."

"Ƙyale shi, 'yar nan," in ji Inna. "Sana'arsa ce."

Haka aka yi ta yi, kowane lungu da tasharsa. A bakin wani tsohon gidan bene ya tarar da mai yi wa baƙi bayani yana cewa ba a taɓa gyara ginin ba. Shi ke nan, an taɓo shi. Ya janye bawan Allahn nan daga cikin baƙinsa, ya kai shi gindin bango yana nuna masa inda aka yi faci. Musu ya kaure, baƙi suka koma ɗaukar su hoto.

Auta ta dubi inuwa tana hawa bango, ranta ya yi baƙi ƙirin. Ta kama hannun Inna suka yi gaba su kaɗai. Sai dai lungunan garin duk kamarsu ɗaya, ga ƙunci, ga kwana. Suka sha dama, suka sha hagu, suna jin ƙamshin ruwan gishiri a iska, suka ɓullo daidai bayan magini, yana durƙushe yana auna kaurin dutse da taƙi.

"Yauwa, kun dawo? Inna, taɓa nan ki ji."

"Don girman Allah ɗaga kanka ka dubi rana!" in ji Auta. "Bango muka zo gani? Wannan bangon, in ka dawo baɗi yana nan. Idonta fa?"

Ya ɗaga kai ya ga inda rana ta kai. Ya karɓi jakar Inna, ya riƙe ta a gwiwar hannu, suka yi ta sauri iya saurin tsohuwa. Suka wuce igwa, suka wuce hasumiya, ko waiwaye bai yi ba.

Da suka fita ƙofar bakin ruwa, rana ta riga ta shige gajimare. Teku na gabansu, toka-toka, ya haɗe da sama. A hannun hagu kuwa akwai dogon shinge na shuɗin kwano da aka kewaye wani wurin gyara da shi. Inna ta lalubi gabanta da ido, ta lalubi gefe, sai ta juya hagu ta tsaya. Fuskarta ta washe.

"Tubarkalla! Shuɗi ne kuwa, yadda ake faɗa."

Magini ya buɗe baki, ya dubi matarsa, ya rufe.

"Amma 'yar nan, ashe ba ya motsi? Ni da nake jin ƙararsa."

Auta ta matso ta tsaya kusa da ita, ta ba tekun baya.

"Yau a kwance yake, Inna."