Sunan da Ɗan'iya Bai Taɓa Faɗa Ba

Ranar sadakar arba'in ta Ɗan'iya Mai Gita, tun da hantsi babura sunka toshe ƙofar gidan. Ba 'yan kabu-kabun Malanbil kaɗai ba, wasu sun ƙetaro kadarko daga Gaya, wasu daga Kamba, har da wani dattijo da ya taso daga Madekali da tunkiya ɗaure a bayan babur. Dangi ba su kai kashi ɗaya cikin goma na taron ba. Sauran duk masoya ne, mutanen da sunka girma da kiɗan Taurarin Kadarko, ƙungiyar da Ɗan'iya ya kafa ya ja ta shekara talatin da 'yan kai. Shi ya fara ɗaukar kiɗan masunta na bakin gulbi ya ɗora kan gita mai lantarki, ya sa masa ƙarar kiɗan rok na Turawa, har tsofaffi sunka ce to shi ke nan, duniya ta zo ƙarshe. Yau ga 'ya'yan tsofaffin nan, su ma da furfura, suna share hawaye da bakin riga.

Ummul-Khairi, ɗiyarsa ta fari, tana cikin gida tana zuba masar sadaka a faranti. Mace ce mai shekara arba'in da uku, mai rumfar albasa a babbar kasuwa, wadda ko dillalai ke shakkar bakinta. Zana ɗaya ce tsakaninta da rumfar maza, don haka da anka shafa addu'a anka shiga hira, ba abin da ya wuce kunnenta.

"Ni dai sau guda ya gan ni," in ji Issufu mai lodin buhu. "Sau guda, a Doso, wajen wasa. Bayan shekara tara ina ɗauke da buhu cikin kasuwa sai na ji an ce, Issufu, ya bayan naka? Wallahi buhun ya kusa faɗuwa!"

Wani tsohon jandarma ya ce shi kam tare shi ya yi a hanya yana neman takardu, sunka rabu Ɗan'iya ya ba shi kaset, kuma daga ranar Ɗan'iya bai taɓa wuce shi bai gaishe shi da sunan ubansa ba. Hadijatu mai kifi, da ta ƙi zama wajen mata ta tsaya bakin zana, ta tuna musu ranar da ya tsai da wasa cak don wani ƙato ya ture ta, ya ce ba mai sake jin ko tsinke ɗaya sai an ba Hadijatu haƙuri. Kowa ya buɗe baki maganar ɗaya ce: mutumin nan ba ya manta suna. Direbobi, 'yan duwan masu binciken kaya a kan iyaka, masu kwalekwale, duk ya saka su a waƙa.

Ummul-Khairi ta dangwarar da farantin. Inuwar giginya, ta ce a ranta, na nesa ka sha ki. Shekara arba'in da uku, ko sau ɗaya bakin ubanta bai furta sunanta ba.

Ba wai ba ta san dalili ba. Wa bai san alkunyar ɗan fari ba? Uba ba ya kiran sunansa, ba ya kallonsa ido da ido, ba ya wasa da shi gaban mutane. Shi ya sa tun tana yaye anka miƙa ta ga Kaka, uwar Ɗan'iya. Amma abin da ke cin ranta shi ne, Ɗan'iya fa ba mai bin al'ada ba ne. Mutumin da ya tara suma har kafaɗa, ya sa wando matsattse ya ratsa kasuwa, ya ƙi gadon rumfar ubansa ya rungumi gita? Duk al'adar da ya tarar sai da ya taka ta, sai wannan ɗaya ya riƙe gam. Ƙaninta Rashidi yana da waƙa. Ƙanwarta Samiha tana da biyu, ɗaya ma har yau ana sa ta wajen biki. Ita kuwa in ya zo gida sai ya tambayi Kaka, "Ina mutanen gidan?" yana duban bango. Don haushin wannan ne da ta haifi nata ɗan farin take ƙwala masa kira, Abdurazak, Abdurazak, har maƙwabta na cewa ba ta da ta ido.

Abu ɗaya ta taɓa samu, shi ma an karɓe. Tana ƙarama, in ya dawo daga tafiya, yakan tsaya gindin lemun da ke bayan ɗakin Kaka, ya juya wa gidan baya, ya yi fito da baki. Sauti biyat ne, uku suna hawa, biyu suna sauka. Ita kaɗai ta san nata ne. Sai ta sheƙo da gudu ta tsaya bayansa ta ce, "Na'am." Shi kuma ba zai waiwayo ba, sai ya miƙo hannu ta baya, da dabino ko alawa a ciki. Tana shekara bakwai Kaka ta kama shi. Ta ce fito cikin gida kiran shaiɗan ne, bai ishe shi ba ya tara mata shaiɗanu da gitarsa a waje, sai ya kawo mata su har ɗaka? Ta rantse in ya ƙara ba ta yafe ba. Ɗan'iya da ba ya tsoron kowa yana tsoron uwarsa. Daga ranar fiton ya mutu, kuma a ganin Ummul-Khairi daga ranar ya daina kiranta.

Ita ma sai ta rama. Ba ta taɓa zuwa wasansa ba, ko da anka yi shi nan filin ƙwallo. In an sa waƙarsa a radiyo takan ci gaba da auna albasa kamar ba ta ji.

To, yau gitar za ta bar gidan. Khalidu, mai ganguna, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda sunka kafa ƙungiyar, ya roƙi a ba shi ita ya kai Gaya, inda samarin da sunka gaji Taurarin Kadarko ke koyo. Rashidi da Samiha sunka ce magana tana hannun babba. Kwana arba'in gitar na ɗakinta. Kunya ba za ta bar ta ta faɗa wa kowa ba, amma ta zazzage akwatin gitar kaf, ta laluba aljihunsa, har ta ɗaga ƙyallen da anka manna a ciki, ko za ta ga hotonta, ko guntuwar takarda mai sunanta, ko wani abu dai da zai ce mutumin nan ya san da ita. Ta tarar da tsirkiya biyu sababbi da busasshen goro. Sai ta aika wa Khalidu ya zo ya ɗauka.

Bayan azahar ta yafa mayafi ta fito da akwatin. Ta tarar gardama ta kaure a rumfar, irin gardamar masoya da ba ta ƙarewa.

"Ni fa abu guda na kasa gane mai," Issufu ke cewa. "Mutum mai son jama'a haka, amma duk wasa sai ya fara da ba mu baya. Mi ya kawo wanga?"

"Addu'a shikai," in ji tsohon jandarma.

"Wace addu'a da gita a hannu? Gyaran tsirkiya dai."

Wani ya ce jan aji ne irin na manyan makaɗa, don a ƙara ɗokinsa. Nan fa Na-Allah ya miƙe. Na-Allah ɗan kabu-kabu ne da ya tsufa a kan babur, kuma duk Malanbil an san ciwonsa. Tun yana saurayi yake bin Taurarin Kadarko gari gari da 'yar rikodarsa, ya tara kaset cike da buhu biyu, matarsa har ta gaji ta ce su ne uwayen gidan. Yanzu an juye masa su duka cikin waya.

"Jan aji? Ɗan'iya?" ya ce. "Ku dai kun san waƙa ta radiyo da ta kaset ɗin kasuwa, waɗanda anka yanke ma kai. Ni tun bai taɓa gita ba nike danna rikoda. Khalidu, kai ka hwaɗa musu, gyaran tsirkiya ne?"

Khalidu ya girgiza kai. Ya ce gitar shi da kansa yake gyara ta kafin a hau, ba abin da ya rage a gyara. Ya ce doka ce Ɗan'iya ya kafa tun wasansu na farko: zai juya wa jama'a baya, ya kaɗa wani ɗan abu shi kaɗai, sa'an nan ya yi shiru. Cikin shirun nan ba mai taɓa ganga, ba mai tari. Wani yaro mai kaɗa gitar bas ya taɓa shigowa da wuri, ranar ya ga ɓacin ran da bai taɓa gani ba.

"Shekara talatin ina tambaya tai," in ji Khalidu. "Sai ya yi murmushi ya ce, kai dai jira."

Sai a lokacin sunka lura da ita tsaye da akwati. Maza sunka gyara zama. Khalidu ya taso ya ce, "Sannu ɗiyata, Allah shi jiƙan baba." Ta ce amin, ta miƙa masa. Niyyarta ta juya ta koma wajen rabon masa, don ba ta da abin cewa a hirar mutumin da kowa ya sani ban da ita.

"Hajiya, tsaya ki raba mu," in ji Na-Allah, yana latsa waya da babban yatsa. "Ke jininsa ce. Saurara ki ji ko wanga gyaran tsirkiya ne. Gaya ke nan, shekarar da ruwa ya ci gonakin shinkafa."

Ta buɗe baki za ta ce ita ba ta san kan kiɗa ba, amma ya riga ya danna. Hayaniyar taro ta fito daga wayar, da shewar mata, da wani mai tallar ruwa. Can hayaniyar ta lafa. Sai gita ta yi magana ita kaɗai, a hankali, ba irin rurin da anka san ta da shi ba. Sauti biyat, uku suna hawa, biyu suna sauka. Sai shiru.

Ta dafa ginshiƙin rumfar.

"Sake," ta ce.

Na-Allah ya ce ai ba sai an sake wannan ba, akwai wasu. Ya sa na Kandi. Ya sa na Doso, wanda Issufu ke magana. Ya sa wani tsoho ƙwarai mai shashshaka, ya ce wannan wasansu na uku ne a duniya, ya faɗi shekarar. Ummul-Khairi ta lissafa a ranta: tana da shekara takwas. Ya sa na filin ƙwallon Malanbil, wanda ta ƙi zuwa, tana gida ta rufe taga. Ya sa na ƙarshe, bara, hannun ya tsufa, sautin na ɗan rawa. Gari ya sauya, shekara ta sauya, makaɗa sun mutu an sake wasu, amma farkon bai sauya ba. Sauti biyat, sai shiru.

"Kullum?" ta tambayi Khalidu. Muryar da ke tsorata dillalai ta koma 'yar ƙarama.

"Kullum, ɗiyata. Ko wasan mutum goma ne."

"Baya yake juyawa?"

"Baya. Kuma hannunsa na dama, in ya gama kaɗawa, sai ya saukar da shi ya kai nan." Khalidu ya kai hannunsa bayan kugu, tafin a buɗe. "Mu muna ce alama ce yake ba mu mu dakata."

Wayyo, Ummul-Khairi. Nan ta durƙushe gaban maza, ita da ko ranar jana'iza ba a ga hawayenta ba. Kuka take irin na yarinya, da shessheƙa, ba ta ko rufe fuska. Hadijatu mai kifi ta ture maza ta zo ta riƙe ta. Na-Allah ya rikice, yana ta cewa subhanallahi, mi na yi, don Allah Hajiya ki yi haƙuri, bari in kashe.

"Kada ka kashe," ta ce.

Da ta samu numfashi ta ba su labarin gindin lemu, da dabino, da rantsuwar Kaka. Ba ta iya jera shi da kyau ba, amma sun gane. Tsohon jandarma ya cire hula ya mayar. Issufu ya ce, "Ashe duk sunayen da ya kira, da naki yake farawa," sai kuka ya ci ƙarfinsa shi ma, ƙato da shi.

Khalidu ya tura mata akwatin gitar ya ce wannan ba ta Gaya ba ce, nan gidanta yake. Ta share fuska ta ce a'a, ya tafi da ita, gitar da ke rataye a ɗaki ba ta kiran kowa. Abu ɗaya ta roƙa: samarin nan, in za su fara wasa, su fara yadda ya saba, kuma ranar wasansu na farko a aiko mata, za ta ƙetare kadarko ta zo. Khalidu ya ce ko ba ta roƙa ba.

Sa'an nan ta juya ga Na-Allah ta ce, "Baba Na-Allah, sa mini na bara."

Ya danna. Hayaniya ta taso ta lafa. Tsohon hannun ya kaɗa uku masu hawa, biyu masu sauka, ya tsaya yana jira kamar yadda ya jira shekara talatin da biyat. Ba wanda ya yi tari a rumfar.

"Na'am, Baba," in ji Ummul-Khairi.

Sai ganguna sunka shigo.