Yatsan Asta

Malama Zuwaira a gidan 'yan kasuwa ta tashi, cikin Illela, gidan da ko buhun wake ba ya tsallaka iyaka zuwa Nijar sai an ƙirga shi an sake ƙirgawa. Don haka da aka ba ta ajin ƙananan yara a wata 'yar makarantar kuɗi ta bakin gari, ba ta ga abin da ba za a ƙirga ba a duniyar nan. Marfin kwalba, ƙwallon dabino, takalman da aka tuɓe a ƙofar aji, duk ta sa yara sun bi su da yatsa suna rerawa da Turanci: wan, tu, tiri, fo. Mace ce mai son aikinta ƙwarai, sai dai in ta sa abu a gaba ba ta waiwaye.

Cikin yaran akwai Asta, 'yar Fulani da ta fara famfara, rugarsu na kan hanyar Kalmalo. Uwarta Iklima ce ke kawo ta da safe in za ta shigo tallan nono. Takan bar ta a ƙofa ta wuce ko duban ta ba ta yi ba, domin Asta 'yar fari ce, kuma Bafulatana ba ta kiran sunan 'yar fari, balle ta riƙe hannunta a gaban mutane. Yarinyar kuwa wuta ce a lissafi. Kafin sauran su gama jera marafe biyu da uku, ita ta haɗa ta faɗi amsa tana dariya da giɓinta.

Da damina ta yi nisa sai Malama ta ba su aikin gida. Ta ce kowa ya ƙirga yaran gidansu da Turanci, mata nawa, maza nawa, ya haɗa ya kawo mata amsa. A ganinta babu aikin da ya fi wannan sauƙi.

Asta ba ta kawo amsa ba, ba ta ma zo ba. Daga baya aka ji zazzaɓi ya ɗauke ƙaninta Jabiru, ɗan goye. Da Iklima ta dawo da ita makaranta, Malama ta yi mata gaisuwa a ƙofa, aka ci gaba da karatu.

Amma Asta ta daina ƙirga. Tana karanta baƙaƙe, tana waƙa tare da 'yan aji, amma da an zo kan lamba sai ta dunƙule hannu ta tura cikin hijabi. Malama ta rarrashe ta, ta yi tsawa, har ta ɗaga bulala ta sauke. Ran nan lokacin tara, yara sun fita sayen awara, ta zaunar da ita a gabanta.

"Asta, mi yas same ki? Ke da kinka hi kowa lissahi?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, ni nik kashe Jabiru."

"Subhanallahi! Wa yag gaya miki haka?"

"Kin ce mu ƙidaya yaran gida. Mata biyu, maza biyu. Shina bayan Inna nin nuna shi da yatsa, nic ce fo. Sai kakata Maama tab buge min hannu, tac ce ba a ƙidayar ɗan Adam, abin da anka ƙidaya raguwa shikai. Da yar rasu tac ce ga aikin bakina nan."

Ba wai Malama Zuwaira ba ta san wannan magana ba ne. Ta sha jin ta a bakin tsofaffi, ta ɗauke ta camfi, ta manta akwai gidajen da ke riƙe da ita hannu biyu. Kunya ta kama ta, haushi kuma ya biyo baya. Ta gaya wa Asta rai na Allah ne, ajali ba ya jiran yatsan kowa. Asta ta gyaɗa kai irin na ladabi, hannunta dai na nan a dunƙule.

Da aka tashi Malama ta bi Iklima da 'yarta zuwa ruga, tana tafe tana shirya wa'azin da za ta yi wa tsohuwar. Sai ta tarar da kakar Asta zaune bakin bukka, ramammiya, da zanen goyon yaron a kan cinyarta. Rabin wa'azin ya zube tun kafin ta gama sallama. Duk da haka ta daure ta ce, "Goggo, ni nis sa ta. In akwai laihi nawa ne. Yarinyar ga ba ta da lahiya cikin ranta."

Tsohuwar ba ta ɗago ba. Ta ce, "Mu ko shanu ba mu ƙidayawa, Malama. Kun koya mata abinku, mun ga abin da munka gani."

Iklima na gefe tana wanke ƙwarya. Nan ne ta ajiye ƙwaryar, ta goge hannu a zane, ta zo ta durƙusa gaban 'yarta. A gaban surukarta, a gaban baƙuwa, ta zaro hannun Asta daga cikin hijabi, ta ɓamɓare yatsun, ta ɗora manunin a kan ƙirjinta.

"Ke," in ji ta, "ƙidaya ni."

Tsohuwar ta yi salati da ƙarfi. Asta ta fashe da kuka tana fizge hannu, uwar ta ƙi saki.

"Da Turancin naki. In baki ka kashewa, shi hwara da ni."

"Inna, a'a! Don Allah, Inna!"

"Ƙidaya ni, nic ce."

Malama ta kau da kai, hawaye na zubo mata. Da kyar, cikin sheshsheƙa, Asta ta ce, "Wan." Iklima ta sake ta, ta koma kan ƙwaryarta ta ci gaba da wanki.

Washegari Asta ta shigo aji idanunta ja, da ganin ta ba ta yi barcin kirki ba. Ba ta je wurin zamanta ba. Ta zo ta ja gefen mayafin Malama.

"Malama, Inna ta tashi lahiya."

"Alhamdulillahi, Asta. Kin gani ko?"

"Gobe ma tana tashi?"

Malama Zuwaira ta buɗe baki za ta ce ƙwarai kuwa, sai ta tuna wannan alkawari ba a hannunta yake ba. Ta ce, "Da yardar Allah."

Asta ta dubi yatsanta. Sannan ta ce, "To gobe in ta tashi, sai in ƙidaya miki tu."